Ɗinkin Baba a Wayar Totur

Mashin ɗin ya fara mutu mini ne bayan na bar Konni, ina hango rumfunan 'yan canji na bakin iyaka. Na saki totur don in ba wani mai amalanken jaki hanya, sai injin ya yi tari ya yi shiru. Na buga, ya tashi. Na saki hannu, ya sake mutuwa. Muddin ina murɗa masa wuta lafiya lau yake tafiya, amma da na sassauta sai ya kwanta. Na sauka na tsaya ina kallonsa, gumi na bin bayana, gabana na faɗuwa.

Dole gabana ya faɗi, don mashin ɗin ba nawa ba ne ni kaɗai. San nomanmu aka sayar aka saye shi, a shekarar da gero ya ƙi a ƙauyenmu can bayan Tawa. Aka ce ni Sa'idu, tunda ni ne babba, in tafi Illela ta Najeriya cin rani, in yi kabu-kabu in riƙa aiko abin sayen hatsi. Gida guda ke jiran wannan ƙarfe. In ya ƙi aiki, babu sa, babu gero, babu kuma fuskar da zan koma da ita.

Kuma ba a ganin mashin ɗin a wuce ba a waiwaya ba. Mahaifina badukku ne, ya yi zamaninsa yana ɗinka kube da linzami da takalma, har yanar ido ta rufe masa gani ya ajiye basilla. Amma ranar da aka kawo mashin, ya shafa shi da hannu tun daga fitila har wurin lamba, ya ce ƙarfen ɗansa ba zai shiga baƙon gari tsirara ba. Ya sa aka ciro masa ragowar jar fatar akuya da ya daɗe da ɓoyewa, ya zauna da lalube ya yi wa kan mashin riga. Ya naɗe ƙarfen da ake riƙewa tun daga hagu har dama. Da hannunsa ya ci karo da wayoyin birki da totur suna reto, ya ce ƙaya za ta kama su a hanya, sai ya haɗa su da ƙarfen ya ɗinke, ya zarce da ɗinkin har ƙarƙashin tanki ya ɗaure tamau. Shi ne aikinsa na ƙarshe. Ni kuwa ban taɓa riƙe basilla ba, ya daɗe da cire rai da ni. In ana zancen gado sai ya ce Sa'idu shan inuwa kawai ke kawo shi rumfata.

Na tura mashin har na tsallaka iyakar. Na canja 'yan sefa ɗin da ke aljihuna, aka miƙo mini naira dami guda, har na ɗan ji kaina wani mai arziki. Ban yi nisa ba wani mai jar hula ya taso daga wata rumfar zana yana yi mini fara'a kamar ya san kakana.

"Sannu da hanya, mutumin Faranshi. Mi ya same shi?"

Na gaya masa. Bai tambaye ni komai ba bayan wannan. Ya ce kafireto ne, ya sa sukudireba ya ɓanɓare shi daga jikin inji da ƙarfin tsiya, ya shige bayan zana da shi. Ni dama mutum ne mai saurin yarda da wanda ya yi mini dariya, don haka na zauna a benci ina shan ruwan da ya ba ni, ina cewa a raina mutanen Najeriya akwai kirki. Jim kaɗan ya fito da kafireto yana ƙyalli kamar sabo. Ya mayar, ya murɗa wani noti a gefensa, ya buga. Injin ya tashi da ƙara, ya saki totur bai mutu ba.

"Ka ji shi? Yanzu ko masallaci ka tahi ka bar shi, kana dawowa ka iske shi shina jiranka."

Ya karɓe mafi yawan nairar da na canja, ya ce ma don ni baƙo ne. Na yi masa godiya har da durƙusawa. Har yau in na tuna wannan durƙuson sai in ji haushin gwiwoyina.

A Illela ban san kowa ba. Na sami wurin kwana a barandar wani shagon hatsi tare da wasu 'yan cin rani, kowa da buhunsa a matsayin tabarma. Garin ba ya zama shiru. Motocin albasa, garken shanu, masu canji suna karkaɗa kuɗi, mashina kamar fara. Hausa ɗaya muke yi da su, amma da na buɗe baki sai a gane ni, don ni moto nake cewa, fulogi kuma buji na san shi. Kewar gida ta kama ni sosai, ban ɓoye ba. Da asuba in na ji wata mata na daka a wani gida sai in ji kamar Innata ce. Abin da ke ɗan sanyaya mini rai shi ne in je in dafa kan mashin in sunkuya, don fatar tana nan da warin bagaruwa da man shanu, warin rumfar Baba.

Shugaban tashar kabu-kabu da na nema, Ummaru sunansa, wani ƙato ne mai usur a wuya, ba ya yawan magana. Ya zagaya mashin ɗin, ya ɗan taɓa fatar da yatsa, ya ce, "Wanga doki ne ko mashin?" 'Yan tasha suka fashe da dariya, daga ranar sunana ya koma Mai Doki. Ya ba ni riga mai lamba, ya gaya mini dokokinsu. Ba a ƙwace fasinjan wani, ba a gudu cikin kasuwa, kuma ba a hawa layi da mashin mai datti, kowace safiya sai an wanke.

Wannan ta ƙarshe ta ba ni mamaki. A ƙauyenmu ruwan da za a zuba wa ƙarfe akuya ake ba. Amma doka doka ce, ga famfo kusa da tasha, sai na shiga sahu. Na ma fi kowa zaƙewa. In na watsa wa fatar ruwa sai ta yi ja wur tana sheƙi, kafin hantsi rana ta busar da ita. A hankali na ji tana ƙara tauri tana ƙara kama ƙarfe, na ji daɗi, na ce ɗinkin Baba ƙara zama yake.

Aiki ya fara shiga, amma mashin bai bar ni na huta ba. Da safe sai na ja masa cok na yi ta lallashi kafin ya tsaya da ƙafarsa. In ya yi zafi kuma sai silo ya hau, wato ƙarar da yake yi in yana tsaye ba a taɓa totur ba. Ka saki hannu, maimakon ya sauko sai ya yi ta ihu shi kaɗai, sai can ya ga dama ya sauka. Giya in za ta shiga sai ta yi ƙas, fasinja ya zabura. Mai kuwa kamar ana tsiyaye shi a ƙasa. Na gano notin da mai jar hula ya murɗa, na koyi juya shi da bakin makulli. Da safe in ƙara, da rana in rage, da la'asar in rasa inda zan bar shi.

Shawara kuwa na sha ta har na ƙoshi. A tasha kowa bakanike ne in dai mashin ɗin ba nasa ba ne. Wannan ya ce fulogi, na canja fulogi. Wancan ya ce in cire soson iska in yar, Allah ya taimake ni ban yi ba. Wani ya ce ringi ya tafi, sai an sauke inji. Wani dattijo ma ya ja ni gefe ya ce bakin mutane ne, adon ya yi yawa, in nemi hayaƙi. Na koma neman mai jar hula, na tarar rumfar ta zama ta mai sayar da rake, aka ce ai wannan ba ya wata biyu wuri ɗaya.

Daga baya wani sabon hali ya ɓullo. Ina cikin tafiya a hankali sai injin ya zabura haka kawai, kamar wani ya murɗa totur ba ni ba. Ba kullum ba, kuma ban gane abin da ke jawo shi ba. Na yi shiru da bakina, don ina tsoron a ji a tasha.

Ranar da asirina ya tonu, na ɗauko wani mutum da buhun albasa zan shiga da shi lungun masu fura. Lungun yana da kwana mai tsanani ta hannun dama. Na rage wuta, na saki totur gaba ɗaya, na karya kan mashin. Sai ya yi wata irin ƙara ya yi tsalle gaba. Kafin in damƙe kuloci tayar gaba ta daki ƙwaryar wata dattijuwar Bafillata, nono ya malale a ƙasa, ƙwaryar ta rabe biyu, fasinjana ya zauna daɓas cikin nonon, albasa ta watse ko'ina. Ba wanda ya ji ciwo, amma zagin da na sha a wurin ya ishe ni guzurin shekara.

Labari ya riga ni isa tasha. Ummaru bai ɗaga murya ba. Ya ce in tayar da mashin, ya tsaya yana sauraren yadda yake ihu ba wanda ya taɓa shi.

"Mai Doki, yau ƙwarya ce, gobe ƙahwar ɗan mutane. Ajiye rigar. Ran Lahadi, ranar kasuwa, ka kawo shi in ji. In na ji shina kuka shi kaɗai, ka nemi wani gari."

Na cire rigar na miƙa masa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da shi ba, da kaina da ƙarfen da mai jar hula da duniya baki ɗaya. Na tuna san nan namu, yadda ya waiwayo ranar da ake jan sa kasuwa.

Washegari na sayi sabuwar ƙwarya na kai wa dattijuwar, Inno ake ce mata. Na yi zaton za ta ɗora daga inda 'yan kasuwa suka tsaya. Sai ta karɓa ta jujjuya, ta ɗauraye, ta dama fura a ciki ta miƙo mini.

"Sha, ɗana. Kai za ka fara buɗe ta. Tun jiya na ga ba ka ci komai ba, idonka ya nuna."

Na sha hawaye na zubo mini cikin furar, ban damu da wa ke kallo ba. Ta dubi mashin ɗin da na jingine, ta shafa fatar, ta ce wannan hannun tsoho ne, na yanzu ba sa irin wannan ɗinki. Na ce mahaifina ne. Ta ce in bi hanyar Amarawa, akwai wani Baba Ladan ƙarƙashin dogon yaro, can mutanen rugarsu ke kai nasu. Ta ce ba ya sauri, in ina sauri kada in je.

Na tarar da shi zaune kan tsohuwar taya, siriri, da tabarau mai kauri ɗaure da zare. Na gaishe shi, na fara nuna masa notin da nake juyawa. Ya ɗaga hannu.

"Bar noti tukuna. Kowa noti yake fara taɓawa, shi kuwa shi ne na ƙarshe. Zauna ka ba ni labari. Yaushe ya fara? Da sanyi yake yi ko da zahi? Ina ka sha mai kahin ya fara? Wa ya taɓa buɗe shi?"

Tunda na zo garin ba wanda ya tambaye ni labarin komai. Na kwashe duka na gaya masa, har man kwalba da na saya a wani ƙauye kafin Konni. Ya ce in hau in kai Amarawa in dawo, don ba a sauraren silo da inji mai sanyi. Da na dawo ya kwance fulogi ya kai kusa da tabarau. Bakinsa ya yi fari fat.

"Ka gani? Iska ta yi mishi yawa, mai ya yi kaɗan. Da baƙi ne mai toka, da sai in ce mai ke yawa, mu duba soso ko cok. Yanzu mun san gefen da za mu nema."

Duk da haka ya buɗe soson iska ya duba, ya ce lafiyarsa lau. Ya kawo gwangwani ya kwance notin ƙasan kafireto, man da ke kofin ya zubo. A gindin gwangwanin ga wani jan laka, ga ɗigon ruwa yana yawo ƙarƙashin fetur. Ya ce wannan tsarabar man kwalba ce. Sannan ya sauke kafireton a hankali, ya buɗe cikinsa. Wajensa na ƙyalli, cikinsa kuwa kamar gindin randa. Mai jar hula bayansa kawai ya wanke. Baba Ladan ya kwanto wani ɗan ƙaramin jet na tagulla, bai kai ƙwayar wake tsawo ba, ya ba ni ya ce in ɗaga wa rana in leƙa. Ban ga haske ba.

"In ka saki totur, ta wagga 'yar ƙofa kaɗai inji ke shan mai. Ta toshe, shi ya sa ya mutu maka a hanya. Shi wancan bai buɗe ta ba, noti ya ɗaure ya ɗaga maka wuta don kada ya mutu a gabanshi."

Ya jiƙa shi a fetur, ya zura silin wayar tagulla mai laushi, ya hura da famfon taya. Na sake leƙawa, sai ga ɗan haske kamar kan allura. Ya mayar da komai ya tayar. Injin ya fi da, amma in aka murɗa aka saki, ƙarar tana daɗewa kafin ta sauko. Ya karkata kai yana saurare. Sai ya tsoma gashin kaza cikin fetur ya shafa a bakin robar da ta haɗa kafireto da inji. Nan take muryar injin ta canja. Ya lanƙwasa robar da yatsa, ga tsaga, daidai inda sukudireban mai jar hula ya shiga.

"Shina satar iska ta nan. In ya yi zahi tsagar ta buɗe, silo ya hau. Kai kuma kana can kana faɗa da noti."

Ya sa sabuwar roba. Sai a lokacin ya ɗauki sukudireba ya nufi notin. Ashe ma biyu ne, ni ɗaya na sani. Ya fara da na iska, ya ɗaure shi a hankali har ya zauna, ya dawo da shi baya, yana juyawa kaɗan-kaɗan kunnensa na jikin tanki, har ya sami inda injin ya fi sakin murya. Sannan ya sassauta na silo, ƙarar ta yi ta sauka har ta koma tuk, tuk, tuk, kamar daka a gida mai nisa. Ya murɗa ya saki, ta hau ta sauko nan da nan. Ban taɓa jin mashin ɗin ya yi magana mai daɗi haka ba, ko ranar da aka kawo shi.

Na sallame shi, na yi godiya, na hau. Wurin ƙunci ne, sai na karya kan mashin dama gaba ɗaya don in juya. Injin ya yi kururuwa, na damƙe kuloci da birki.

Baba Ladan ya taso a natse ya ce in sauka. Ya kafa mashin a tsaye, ya ce kada wanda ya taɓa totur. Ya juya kan hagu, tuk, tuk, tuk. Ya juya dama, ƙara ta tashi. Ya mayar tsakiya, ta sauka. Ya zura hannu ƙarƙashin tanki ya ce in sake juyawa dama, in leƙa. Da idona na ga bakin wayar totur yana zarowa daga kan kafireto, ana jan sa kamar igiyar guga.

"Wanga ba kafireto ba ne. Waya ce anka ɗaure, ba ta da sarari. In kai ya juya, dole ta bi shi, in ta bi shi ta ɗaga wuta." Ya matsa fatar da babban yatsa, ta yi tauri kamar ƙaho. "Kana jiƙa ta?"

"Kullum da safe."

Nan take na gane. Ni ɗan badukku ne, na san in mahaifina na son tsirkiyar fata da yake ɗinki da ita ta kama abu har abada, jiƙa ta yake ya ɗaure ya bar wa rana. Shi bai san akwai garin da ake yi wa mashin wanka ba, bai kuma san waya na son sake ba. Ni na yi ta zuba ruwa ina murna.

Baba Ladan ya laluba akwatinsa ya ciro reza. Ban san lokacin da na riƙe masa wuyan hannu ba.

"Baba, kada ka taɓa."

Ya dubi hannuna ta saman tabarau har na saki don kunya. Na ce a sassauta notin wayar, ya nuna mini ya riga ya kai ƙarshe. Na ce a sa sabuwar waya ta waje a bar tsohuwar a ciki, ya ce bakin da waya ke shiga ma yana cikin ɗinkin. Na fara faɗa, na ce ai mashin ya gyaru, zan riƙa kiyaye kwanar dama. Ya koma kan tayarsa ya zauna.

"Abinka ne, hau ka tahi. Amma in Ummaru ya tambaye ni, ba zan ce ya gyaru ba. Kuma kwanar dama ba ta ƙarewa a duniya."

Na zauna a ƙasa na jingina da itacen. Na gaya masa wanda ya yi ɗinkin, da yadda ya yi shi da lalube, yana soke yatsa yana tsotsewa yana ci gaba, da cewa ba zai sake yin wani ba. Na ce in aka sa reza, na rasa abu ɗaya da na fito da shi daga gida wanda ba sayensa aka yi ba. In ba a sa ba, na rasa rigar tasha, gida su kwana da yunwa.

Ya mayar da rezar cikin akwati. "Ni yanka na iya. In kai ka iya warwarewa, ga wuri ga inuwa."

Na ce ban taɓa riƙe basilla ba. Ya ce shi ma bai ce na taɓa ba. Ya ɗauki tsohuwar wayar taya ya wasa bakinta a dutse ya ajiye kusa da ni, ya koma kan wani mashin.

Na daɗe ina kallon ɗinkin. Ba ƙulli ko ɗaya a fili, ko'ina sumul. Sai na tuna zaman rumfar mahaifina. Baba ba ya ƙulla tsirkiya. In ya kai ƙarshe, mayar da bakinta baya yake ya tura ƙarƙashin ɗinkin da ya wuce, kuma kullum ta ƙasa, inda tafin hannu ba ya gogawa. Na kwanta rigingine ƙarƙashin kan mashin, na bi da yatsa ta hannun dama, sai na ji wani ɗan tudu da ido ba zai gani ba. Na jiƙa wurin, na shafa man gyaɗa, na jira ya yi laushi, na zura wayar tayar na ɗago. Bakin tsirkiyar ya fito.

Daga nan sai haƙuri. Huda bayan huda nake zarewa, ina shafa mai, ina jira. Aka yi azahar na dawo, aka yi la'asar na dawo. Yatsuna suka yi jini. Amma tsirkiyar ta fito ɗaya tak ba ta tsinke ba, fatar ta buɗe, wayoyin suka saki jiki. Baba Ladan ya bi da ta totur ta bayan fitila, ta cikin ƙugiyar da aka yi dominta, ya bar mata ɗan wasa a hannu. Ya tayar. Ya juya hagu, ya juya dama har ƙarshe, ya sake, ya sake. Tuk, tuk, tuk, ba ta canja ba.

Na mayar da fatar kan ƙarfen kaɗai, ban da wayoyi, na bi hudojin mahaifina na ɗinke. Layin ya karkace a wuri biyu, duk wanda ya san aikin zai gane inda tsoho ya tsaya da inda wani ya ɗora. Na mayar da bakin tsirkiyar baya na tura ta ƙasa.

Ran Lahadi kasuwa ta cika. Ummaru ya hau mashin ɗin da kansa, ya bar shi ya yi zafi, ya murɗa ya saki, ya juya kan hagu da dama yana saurare. Ya sauka ya jefo mini rigar ya ce, "Shiga layi, Mai Doki." Da yamma ni na kai Inno rugarsu wajen Garu, da ƙorenta a kai, ba ta ko riƙe ni ba.

Sai da na aika kuɗin buhun gero na farko sannan na iya kiran gida. Ƙanena ya kai wa Baba wayar. Muka gaisa, ya tambayi gari da mutanensa, ya tambayi ƙarfen. Na ce lafiya lau yanzu. Sannan na ce, "Baba, na buɗe ɗinkinka." Na yi masa bayanin wayar da wankan da kwanar dama.

Sai ya tambaya.

"Da wuƙa?"

"A'a, warwarewa anka yi."

"Wa ya warware? Akwai dukawa nan?"

"Ni na warware."

"Kai?" Na ji ya gyara zama. "Daga ina ka soma?"

"Daga ƙasa, hannun dama, inda ka mai da bakin tsirkiya baya ka tura ƙarƙashin ɗinki."

Sai na ji ya kau da baki daga wayar yana yi wa ƙanena magana. "Duba cikin tsohuwar jakata, basillar nan mai ƙotar ƙaho. Ka ba direban da za shi Konni ya kai mishi."

Ya dawo kaina. "Ashe ba inuwa kaɗai kake sha ba."

Ina tsaye bakin famfon tasha, hannuna kan fatar.

"Sa'idu, kana ji na?"

"Ina ji, Baba."

"Ka bar zuba ma fata ruwa. Tsumma da man shanu ya ishe ta."